Iskar waje ko iskar ciki: wane maɓallin AC ya dace da cunkoson Legas?

A jikin dashbod ɗin kusan kowace mota mai AC akwai wani maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. Wasu motocin suna da na biyu a gefensa, mai kibiyar da ta shigo daga waje ta gilashin gaba. Direbobinmu na Legas sun kasu uku a kan wannan. Akwai waɗanda tun ranar da suka karɓi mukulli suka danna na farkon, wato na iskar ciki, fitilarsa ba ta sake mutuwa ba. Akwai masu cewa rufaffiyar iska cuta ce, don haka ko a bayan tirela suke a Mile 2, iskar waje suke shaƙa. Sai kuma masu sauke gilashi, waɗanda yawansu ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ba za a gane wanda ya fi gaskiya ba sai an bi iskar nan daga inda take shiga har inda take fita.

Ba ta hancin mota take shiga ba, kamar yadda wasu suke zato. Waccan ragar ta gaba ta lagireto ce. Iskar da kake shaƙa tana shiga ne ta gindin gilashin gaba, a ƙarƙashin waifa, inda za ka ga wata baƙar roba mai ƙananan ramuka. An zaɓi wurin ne saboda idan mota tana gudu iska tana taruwa a nan ta matsa, har takan tura kanta ciki ko fanka a kashe take. Daga nan sai ta tarar da wani ƙyaure na roba a bayan akwatin da ke gaban fasinja. Wannan ƙyauren shi ne duk abin da maɓallin yake sarrafawa: ko ya buɗe hanyar waje, ko ya rufe ta ya buɗe wata kafa da ke zuƙo iskar cikin mota daga wajen ƙafafun fasinja. Bayan ƙyaure sai filta, bayan filta sai fanka, ita kuma ta hura iskar ta cikin ebaporeta, wani ɗan ƙaramin lagireto na alminiyam mai sanyi ƙalau, wanda ake tsayar da shi 'yan digiri kaɗan sama da inda ruwa yake daskarewa. Gaba da shi akwai hita, wadda ruwan zafin inji yake bi ta cikinta, da wani ƙyauren da ke yanke yawan iskar da za ta ratsa ta. Na ƙarshe su ne ƙyamaren da ke raba ta: fuska, ƙafa, ko gilashi.

Mafitar ce mutane da yawa ba su san da ita ba. A bayan mota, ta gefen but, a ɓoye ƙarƙashin bamba, akwai wasu kafofi masu leɓen roba da ke buɗewa waje kawai. Duk iskar da ta shigo ta gaba, kwatankwacinta yana fita ta nan. Wanda ya danƙare but da buhunan albasa daga Mile 12 har ya toshe su, zai ji ƙofa tana gardamar rufuwa, iskar waje kuma ba ta shigowa yadda ta saba.

To, idan ƙyaure yana kan iskar waje, iska tana wucewa ne sau ɗaya, ta shiga ta gaba ta fita ta baya. A kan iskar ciki kuwa zagaye take yi, ita ce dai take komawa ebaporeta a kai a kai. Duk bambancin da za a lissafa daga nan ya taso.

A fagen sanyi babu ma gasa. Zafin Legas bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba, ko a Fabrairu da Maris da kaɗan yake wuce digiri 32 ko 33. Abin da ke dafa mutum a nan laima ce, wadda sau da yawa takan haura kashi 80 cikin 100. Idan iska mai laima ta taɓa ebaporeta, ruwan cikinta yana taruwa a jikinsa kamar yadda raɓa take keto wa gorar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firji. Shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga a ƙarƙashin mota ta ɓangaren fasinja, kuma lafiya ce, ba yoyo ba. Sai dai matse ruwan nan aiki ne, yana cin kaso mai tsoka na ƙarfin AC. Idan kana kan iskar waje, kowane daƙiƙa sabuwar iska mai zafi da ruwa kake miƙa wa injin sanyi, ya fara daga farko. Idan kana kan iskar ciki, wadda ya riga ya busar ya sanyaya ita yake ƙara sanyayawa. Shi ya sa a motocin da aka rubuta MAX A/C, ba wani ƙarfi na daban ake ƙarawa kwamfireso, wato injin da ke matse gas ɗin AC, ba, ƙyauren waje kawai ake rufewa a ƙure fanka. A cunkoso, inda inji yake silo kuma kwamfireso yana juyawa a hankali, wannan bambancin shi ne tsakanin isa ofis da busasshiyar riga da isa a jiƙe.

Shan mai ma haka. Kwamfireso da bel yake juyawa daga inji, kana iya jin sautin injin ya sauya lokacin da ya kama. Da zarar cikin mota ya yi sanyi a kan iskar ciki, sai ya riƙa samun hutu, ko ya rage aiki idan irin na zamani ne. A kan iskar waje da wuya ya huta.

Sai hayaƙi, wanda a ganina shi ne babbar hujja. Wani rahoto na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai, kuma motocin titi suna sahun gaba cikin masu haddasa ta. Ka tuna inda mashigar iskar take. A kan titin Apapa zuwa Oshodi, idan ka maƙale a bayan tanka, salansarta tana feso baƙin hayaƙin dizal a kan bonet ɗinka, tazarar taku uku ko huɗu daga gindin gilashi, fankarka kuma tana zuƙa. Haka bayan danfo a Ikorodu Road, haka wucewa ta Ojota kusa da juji na Olusosun, haka Oko-Oba ta gefen mayanka. A irin waɗannan wurare wanda ya bar ƙyaure a buɗe da sunan iska mai lafiya ya yi wa huhunsa mugun ciniki. Rufe shi yana rage ƙura da tokar hayaƙi da ke shigowa ƙwarai, kuma a yawancin motocin Japan, da yake filta tana bayan ƙyauren, iskar da ke zagayawa tana sake tacewa duk zagaye.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya danna ya manta. Amma masu tsoron rufaffiyar iska ba shirme suke yi ba. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid kimanin kashi 420 cikin miliyan. Numfashin da mutum yake fitarwa yana ɗauke da kusan kashi 40,000 cikin miliyan. Cikin ƙaramar mota bai fi kubik mita uku ba. Ka zuba mutum huɗu ko biyar, ka rufe ƙyaure, ka tsaya cak a cunkoso, kafin rabin sa'a adadin ya haura 2,000 yana ci gaba da hawa. Filta ba ta kama shi, AC ba ya cire shi. Ba zai kashe ka ba a wannan matakin, amma yana kawo hamma, nauyin kai da mutuwar jiki, kuma direba ba ya gane daga ina abin ya zo. Sai ya ɗora laifin a kan tuwon da ya ci ko rashin barcin jiya. Mota ba tulu ba ce, tana da kafofin da iska ke sulalowa, kuma tsohuwar mota mai sakakkun robobin ƙofa ta fi sabuwa shan iska. Gudu ma yana ƙara shigowarta. Amma a tsaye, da sabuwar mota cike da mutane, abin yana taruwa da sauri. Wasu motocin zamani saboda haka suke buɗe ƙyauren da kansu bayan wani lokaci, mai motar ya yi ta mita cewa maɓallinsa ya lalace.

Don haka yawan mutane da tsawon tafiya su ne ma'auni. Kai kaɗai daga Agege zuwa Ikeja, rufe abinka. Kai da iyali daga Idi-Araba zuwa Ajah da yammacin Juma'a, sai ka riƙa ba motar numfashi: duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin, ka nemi inda gabanka ya ɗan buɗe, ka mayar da ita iskar waje na minti biyu ko uku, sannan ka rufe. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wuri ne mai kyau na yin haka idan motoci suna tafiya, domin iskar kan ruwa ce. Idan ta cushe kuwa, ita ma titi ce kamar kowane. Mai tafiya Arewa da ya wuce Berger da Kara ya miƙi hanyar Ibadan, shi iskar waje ta fi masa, musamman da dare lokacin da barci yake fako, sai dai ya rufe idan ya riski ayarin tireloli a hawa. Masu Uber da Bolt kuma su ƙara da wannan: fasinja ya shigo yana tari da atishawa, zagaya numfashinsa a cikin motar ba dabara ba ce.

Akwai haɗi ɗaya da ba shi da wani amfani ko kaɗan, kuma shi na fi gani a wurin masu tsimin mai: a rufe gilashi, a danna iskar ciki, a kashe AC a bar fanka kawai. Zufa da numfashin kowa suna zagayawa, babu mai busar da su. A damina nan take gilashi yake rufewa.

Maganar hazon gilashi tana son a tsaya a kanta, domin a Legas iri biyu ne, maganinsu kuma kishiyar juna. A ce watan Yuni ne, ana tsuga ruwa, kana kan gada, gilashin gaba ya yi fari. Ka kai yatsa ka shafa ta ciki. Idan yatsan ya bar layi, hazon na ciki ne: laimar numfashi da jiƙaƙƙun kaya ta kwanta a kan gilashin da ruwan sama ya sanyaya. Maganinsa a kunna AC, a buɗe iskar waje, a juya iskar zuwa gilashi. Motoci da yawa da ka murɗa zuwa hoton gilashi su da kansu suke tada kwamfireso su buɗe ƙyauren. Idan kuwa yatsan bai taɓa komai ba, amma waifa ta share shi sai ya dawo, galibi daga ƙasan gilashin yana hawa, to na waje ne: kai ne ka sanyaya gilashin da AC har laimar waje ta kwanta a bayansa. A nan ƙara hura masa sanyi ƙara cutar ne. Ka kawar da iskar daga gilashi zuwa fuska, ka ɗan rage sanyin, ka bar waifa ta yi aikinta. Wanda ya koyi tuƙi a Kano bai cika sanin wannan na biyun ba sai ya zo kudu.

Sauke gilashi fa? Yana da wurinsa, amma ƙanƙani ne. Motar da ta wuni a rana cikinta yakan haura digiri 50, ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. A wannan lokacin danna iskar ciki wauta ce. Ka sauke gilasai, ka sa iskar waje, ka ƙure fanka, ka yi tafiyar minti biyu zafin ya fice, sannan ka ɗaga ka rufe ƙyaure. Da asuba a unguwa, ko a titin da babu cunkoso, shi ma babu laifi, kuma a ƙaramin gudu yana rage shan mai da gaske. A babban titi ribar tana raguwa domin iska tana riƙe motar. A cunkoso kuwa hayaƙin yana shigowa ba tare da ya ga filta ba, ga shi duk wanda ya daɗe a garin nan ya san abin da ke samun waya a hannun mai buɗaɗɗen gilashi.

Duk wannan lissafin yana rushewa idan filta ta mutu. Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kai Corolla ɗinsa wurin mai gyaran AC yana cewa a ƙara masa gas, sanyi ya ragu. Yaron ya ƙure fanka, ya kara tafin hannu a bakin kafar iska, ya ce, "Alhaji, sanyin nan yana nan, iskar ce ba ta fitowa. Ka ji yadda fanka take ihu?" Ya buɗe akwatin gaban fasinja, ya matse gefunansa biyu ya sauko da shi, ya ɓalle wani siririn murfi ya zaro filtar. Fara ce a asali, ta koma launin toka mai duhu, ninkinta cike da busasshen ganye, da gashin kaza, da ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara. Ya ɗaga ta saitin rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Alhaji ya ce, "Ikon Allah, wannan muke shaƙa ni da yara?" Aka sa sabuwa, ba a taɓa gas ba.

A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, za a nuna maka filta iri biyu. Fara ta takarda tana kama ƙura da toka, tana da araha, iska kuma tana ratsa ta cikin sauƙi. Mai ruwan toka tana da gawayi a tsakiya, wanda ke tsotse wari da wani ɓangare na gubar hayaƙi. Ta fi tsada, ta fi nauyi a hannu, kuma gawayin yana ƙoshi ya daina aiki tun kafin takardar ta toshe. Ga mai bin Apapa, Oshodi ko Ojota kullum, mai gawayi ta cancanci kuɗinta, domin ita ce ke sa 'yan mintunan nan na iskar waje su zama masu jurewa. Ga tsohuwar motar da fankarta ta riga ta gaji, fara mai kyau da ake sauyawa a kan kari ta fi. A kula da jabu, akwai wadda rini kawai aka yi mata. Ta gaske idan ka ɗaga za ka ji nauyi, ka ga ƙwayoyin gawayin a cikin ninki. Littattafan motoci sukan ce a sauya duk shekara ko bayan kilomita 15,000 zuwa sama, amma ba da titin Legas aka yi wannan lissafin ba. Ka duba ta bayan hunturu, ka sake dubawa bayan damina. Akwai kibiya a gefenta da ke nuna yadda ake sa ta, a bi ta. Wasu tsofaffin tokumbo ma za ka buɗe ka tarar da gurbin babu komai.

Abu ɗaya da babu filtar da ke tare shi, ko mai gawayi, shi ne kabon monoksaid, gubar salansa marar wari marar launi. Direban da ke jiran maigida ya kwantar da kujera, inji yana aiki, AC a kunne, ya yi barci a rufaffen gareji ko kusa da janareta, da ransa yake wasa, kowane maɓalli ya danna. Salansa mai huji a ƙarƙashin mota ko robar but da ta yage su ma suna shigo da ita. Idan kana jin warin hayaƙin motarka a ciki, wurin mai walda za ka nufa, ba wurin mai turare ba.

Wari irin na jiƙaƙƙen tsumma da ke fitowa da ka kunna AC da safe, shi daga ebaporeta yake, wanda ya kwana a jiƙe har fumfuna ta kama shi. Masu zama a kan iskar ciki dindindin sun fi fama da shi. Minti biyu ko uku kafin ka isa gida, ka kashe AC ka bar fanka a kan iskar waje ya sha iska. Idan kafet ɗin fasinja yana jiƙewa alhali ba ka shiga ambaliya ba, bututun da ke zubar da ruwan ne ya toshe, aikin minti biyar ne.

Wanda ke shirin sayen mota kuma yana auna mai murɗawa da hannu da mai AUTO, hanyar iskar duk ɗaya ce. Bambancin shi ne a mai AUTO ƙananan injina na lantarki ne ke juya ƙyamaren, bisa abin da na'urorin auna zafi na ciki da na waje da na hasken rana suka faɗa. Ka sa 22 ko 23, ko 72 idan motar Amurka ce mai ma'aunin Farenhait, ita za ta rufe ƙyaure da farko ta ƙure fanka, ta sassauta idan an huce. Ta fi daɗi, kuma ta fi yawancinmu iya lissafin. Sai dai ba kowacce ce take jin hayaƙin tanka ba, wannan kai za ka danna. Idan ta tsufa kuma, haƙoran robar ƙananan injinan nan suna cinyewa. A wurin gwaji ka kashe rediyo, ka danna maɓallin iskar ciki: ya kamata sautin fanka ya ƙaru nan da 'yan daƙiƙu. Idan bai sauya ba, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas a bayan dashbod, ƙyauren ba ya motsi, kuma a wasu motocin kafin a kai gare shi sai an kwance rabin dashbod. Ka bar motar a tsaye tana silo minti goma da AC. Idan sanyin ya gudu sai an taka totur, ka duba fankar lagireto da kwandensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, kafin kowa ya ambaci gas, domin a cunkoson Legas wannan fankar ce kaɗai ke kore zafin. Sannan ka ɗaga bonet ka karanta takardar da ke manne: yawancin tokumbon da ke kasuwa gas ɗin AC mai suna R134a suke sha, wanda kowane mai gyara yake da shi, amma motocin Turai daga 2017 da sababbin na Amurka R1234yf ne, ya fi tsada sosai, bakin zuba shi daban ne, kuma ba a gauraya su.